Kalar hotunan sararin samaniya: gaskiya ce ko haɗi? (Zare)

1/ Kwanakin baya na kwana a Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi. Bayan isha'i muna kan tabarma sai wani ƙanena ya miƙo min waya. Hoton wani gajimare ne mai ruwan zinare da shuɗi, wai a can cikin taurari yake. Ya ce, "Yaya, wannan ai haɗi ne. Ga sama nan, ina kalar take?"

2/ Na ɗaga kai. Ba wuta, ba farin wata, taurari rututu. Amma kala kam babu. Yaron yana da hujja. Amsar a taƙaice: mutum ne ya zaɓi kalar, amma ba ƙarya aka yi ba. Yadda aka zo nan labari ne na shekara sama da 1,000. Ku gyara zama.

3/ Abin da ke hoton sunansa nebula, kalmar Latin mai nufin gajimare ko hazo. Tarin iskar gas ne da ƙura a tsakanin taurari. A cikin wasu ake haifar sababbin taurari, wasu kuma ragowar tauraron da ya mutu ne.

4/ Kallon sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san Zara matar wata, mun san Gamzaki, mun san Kaza da 'ya'yanta. Malamanmu sun yi waƙoƙin ajami kan manzilolin wata 28 don lissafin damina da rani. Muhammad al-Katsinawi, da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hisabi da ilimin taurari na zamaninsa.

5/ Duk da ido ake wannan aiki. Wajen 964, Abdurrahman al-Sufi na ƙasar Farisa ya rubuta littafinsa kan siffofin taurari, ya ambaci wani "ƙaramin gajimare". Shi ne Andromeda, wanda sai a shekarun 1920 aka tabbatar tarin taurari ne mai zaman kansa. Al-Sufi dai hazo-hazo ya gani, ba kala.

6/ Me ya sa ba kala? Idonmu yana da ƙwayoyin gani iri biyu. Masu gane kala sai da haske sosai suke aiki. Masu aikin dare ba su san ja ko kore ba. Shi ya sa a duhu jar atamfa da shuɗiya duk toka-toka kake ganinsu. Ko ka leƙa ta madubin hangen nesa, yawancin nebula haka suke fitowa.

7/ Sai 29 ga Agusta 1864. William Huggins, Baturen Ingila da ya sayar da kasuwancin gidansu ya gina ɗakin kallon taurari a gidansa a Landan, ya saita na'urar da ke warware haske kamar bakan gizo a kan wata nebula da ake kira Idon Kyanwa.

8/ Da taurari ne cunkushe, da cikakken bakan gizo zai gani. Sai ya ga siririn layin haske, kore, da wasu raunana kusa da shi. Ma'ana gas ne ke ci da haske. Ku riƙe wannan, shi ne ginshiƙin zaren: kowane sinadari yana fitar da haske a wasu 'yan layuka nasa na kansa, kamar zanen yatsa.

9/ Matsalar ita ce koren layin bai dace da wani sinadari da aka sani ba. Aka ce to sabo ne, aka raɗa masa suna nebuliyam. Ba shirme suka yi ba, don haka aka fara ganin hiliyam a hasken rana a 1868, sai 1895 aka same shi a doron ƙasa.

10/ Shekara 63 ana neman nebuliyam. A 1927 Ira Bowen a Amurka ya warware: oksijin ne, irin wanda muke shaƙa, amma wanda ya rasa lantarki biyu, a wurin da gas ya yi ƙaranci fiye da duk abin da ake iya samarwa a ɗakin gwaji. Babu wani nebuliyam.

11/ Mu koma ɓangaren hoto. Ranar 30 ga Satumba 1880, Henry Draper, likita a Amurka, ya bar kyamararsa a buɗe minti 51 a kan nebular Oriyon, wadda Larabawa ke kiran rukunin taurarinta Jauza'i. Hoton nebula na farko ke nan a tarihi. Dishi-dishi ne, baƙi da fari.

12/ A 1883 Andrew Common, injiniyan tsaftar gari, ya ɗauki wannan nebular daga bayan gidansa a Ealing da madubi mai faɗin inci 36. Hotonsa ya nuna taurarin da ido ba ya gani ko ta cikin wannan madubin. Ido yana gani ya manta nan take, kyamara kuwa tana tara haske kamar randa a ƙarƙashin indararo.

13/ Ku lura da mutanen nan uku: ɗan kasuwa, likita, injiniya. Babu wanda aka ɗauka aikin taurari a cikinsu lokacin. Sha'awa ce, da aljihunsu, da rashin barci.

14/ A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro CCD, ɗan faifan lantarki mai ƙirga haske, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. Daga nan zuriyar kyamarar wayarka ta fito. Shi faifan bai san kala ba, yawan haske kawai yake ƙirgawa. Ko a wayarka, ƙananan filtoci na ja, kore da shuɗi ne a kansa, manhaja ta haɗa.

15/ To masu ɗaukar nebula sai suka ce, tunda gas ɗin a 'yan layuka yake haske, a yi filta mai ƙuncin ƙofa, kamar rariya mai matsattsen ido. Guda uku aka fi amfani da su:
haidurojin, nanomita 656
oksijin, nanomita 501
farar wuta, wajen nanomita 672
Faɗin ƙofar bai fi nanomita 3 zuwa 7 ba.

16/ Kowace filta tana ba da hoto baƙi da fari: nan haidurojin yake, nan oksijin, nan farar wuta. Yanzu ga ƙullin. 656 da 672 duk ja ne. In ka ba kowanne kalarsa ta asali, ja zai hau kan ja, ba za ka bambance komai ba.

17/ Ranar 1 ga Afrilu 1995, madubin Hubble da ke shawagi a sama tun 1990 ya ɗauki wani yanki na nebular Mikiya. Jeff Hester da Paul Scowen na jami'ar jihar Arizona suka haɗa hoton. Farar wuta suka ba ta ja, haidurojin kore, oksijin shuɗi. Hoton ya zaga duniya da sunan Ginshiƙan Halitta.

18/ Daga wannan tsari ne ruwan zinare da shuɗin wayar ƙanena suka samo asali. Kamar taswirar aji ce: an shafa wa Kano kala ɗaya, Jigawa wata. Ba wanda ya je Dutse ya ce bai ga ƙasa ruwan hoda ba. Kalar tana faɗa maka iyaka ne. A nebula tana faɗa maka wane gas ne a ina.

19/ Aikin kuma ba danna maɓalli ba ne. Kyamara tana kan injin da ke bin juyawar sama. A ɗauki hoto na minti biyar, sau da yawa, dare bayan dare. A tara su da manhaja irin Siril ko DeepSkyStacker, duk kyauta ne, tsakin hoton ya ragu. Sannan a ja hasken a hankali har abin da ke ɓoye ya fito.

20/ Ina ƙarya take shiga? In ka zana abin da kyamara ba ta kama ba, ko ka sa manhajar ƙirƙira ta yi maka nebula ka ce kai ka ɗauka. Shi ya sa masu gaskiya ke rubuta filtocin da suka sa da awannin da suka tara. In ka ga hoto, wannan za ka tambaya.

21/ Kar ku ce zamanin 'yan sha'awa ya wuce. A Janairun 2023 aka sanar cewa Marcel Drechsler, Xavier Strottner da Yann Sainty, daga Jamus da Faransa, sun gano wani ƙaton bakan oksijin a gefen Andromeda. Wurin da al-Sufi ya nuna, wanda aka ɗauka hoto ba adadi. Filtar oksijin da haƙuri suka fito da shi.

22/ Mu dawo Gafasa. Ɗan birni yana sayen filtar nan da tsada, har don ta tare masa hasken fitilu. Mutumin Gaya da Ajingi yana da duhun a kyauta. Kuma muna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya: Oriyon kusan ta saman kanmu yake wucewa, nebular Karina kuma tana leƙowa ta kudu, wadda ɗan Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba.

23/ Ba zan ɓoye muku ba, kayan aikin da dala ake saye, ga hazon hunturu da ke rufe sama kwana da kwanaki. Fitilun sola kuma suna ƙaruwa, alheri ne, amma in an sa musu hula suna haska ƙasa kawai, titi ya samu haske, sama ta tsira.

24/ Gwajin da ba ya cin ko sisi: daga Disamba zuwa Fabrairu, daren da sama ta washe ba wata, nemi taurari uku da ke jere. Kusa da su akwai wani ƙaramin jeri, na tsakiyarsa dishi-dishi. Ita ce nebular Draper. Jingina waya da bulo, buɗe kyamara daƙiƙa 10 zuwa 15, kar ka taɓa.

25/ Ɗan tabo za ka samu, wataƙila da alamar ruwan hoda. Wannan hasken ya yi tafiyar kusan shekara 1,350, ya baro gida tun kafin Bagauda ya hau sarautar Kano. Ni da ƙanena mun yi alkawarin gwadawa. Wanda ya riga mu, ya ajiye hotonsa a ƙasan zaren nan, ya faɗi gari da daƙiƙa nawa ya buɗe.