Majami'ar Hrastovlje: Ganuwa a Waje, Wa'azi a Ciki

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wani ɗan ƙaramin gini da ke ƙauyen Hrastovlje, a yankin Istiriya na ƙasar Sulobeniya, ba nisa da birnin Koper na gaɓar tekun Adiriyatik. Ginin nan majami'a ce ta mabiya ɗariƙar Katolika, sunanta Triniti Mai Tsarki. Abin da nake so in nuna shi ne, manoman da suka gina ta suna fama da tsoro iri biyu, kuma kowanne sun tanadar masa amsa a jikin ginin.

Bari mu fara da tarihi. Bayan da Turkawan Daular Usmaniyya suka ci Santambul a 1453, suka kuma ci Bosniya a 1463, sai mahayansu suka riƙa kai hari arewa maso yamma, har cikin ƙasashen da Jamhuriyar Fenis ke mulki, ciki har da gaɓar Istiriya. Mahayan nan ba zama suke zuwa yi ba. Sukan zo da sauri, su kwashi dabbobi da bayi, su ƙone rumbuna, su juya. Masu sarauta suna da gidajen dutse, mutanen birni suna da ganuwa, amma talakan ƙauye ba shi da matsera. Saboda haka ƙauyuka da dama suka kewaye majami'unsu da katanga, domin majami'a ce gini mafi ƙarfi da suka mallaka. Irin wannan mafaka ita ake kira tabor da harshen ƙasar.

To, yaya ginin yake? Yana bisa wani tudun dutse a gefen ƙauyen. Ganuwarsa ta dutse ce, mai kusurwa huɗu, tsayinta ya kai wajen mita 8, da hasumiya biyu masu ƙofofin harbi. Wanda ya hango ta daga nesa ba ya ganin komai na majami'ar sai hasumiyar ƙararrawa. Ita kanta majami'ar tsawonta bai cika mita 12 ba, faɗinta kuwa kamar mita 6. Duk da haka an raba cikinta kashi uku da sahu biyu na ginshiƙai masu ɗauke da bakan gizo, kamar yadda ake yi wa manyan majami'u na birane. Masana sun saɓa a kan shekarunta. Wasu sun ce ginin ƙarni na 12 ko na 13 ne, saboda kaurin bango da ƙanƙantar tagogi, wasu kuma sun ce na ƙarni na 15 ne, aka dai bi tsohon fasali. Amma ita ganuwar daga baya aka ƙara ta.

Yanzu sai mu shiga ciki. Bango da rufi duk a lulluɓe suke da zane, wanda wani gwani mai suna Yohana na garin Kastav ya kammala a 1490. Hanyar aikin ita ce a shafa launi tun yaɓen farar ƙasa yana ɗanye, yadda in ya bushe launin ya zama jikin bangon. An zana halittar duniya da labarin Adamu da Hauwa'u, da zuwan masanan gabas wurin jaririn Maryamu, da wahalar Almasihu kamar yadda Kirista suka ruwaito. Kazalika an zana watanni goma sha biyu, kowane wata da aikinsa na gona ko na gida. Wato manomin da bai iya karatu ba yana ɗaga kai ya ga addininsa da sana'arsa a wuri guda. Har ila yau akwai rubuce-rubuce da baƙaƙen Gilagolitik, tsohon rubutun Silabawa, abin da ke nuna cewa harshen mutanen wurin ya sami gurbi kusa da Latin.

Zanen da ya fi shahara shi ne Rawar Mutuwa, mai tsawon kimanin mita 7. Mutum goma sha ɗaya ne a jere, kowanne ƙwarangwal na riƙe da shi, ana jan su zuwa buɗaɗɗen kabari. Akwai Paparoma, da sarki, da sarauniya, da manyan malaman majami'a, da attajiri, da saurayi, da gurgu, har da jariri da ke fitowa daga shimfiɗarsa. Attajirin ya miƙa kuɗi domin a ƙyale shi, amma ba a saki hannunsa ba. Wannan salo ya bazu a Turai bayan annobar da ta ɓarke a 1347, kuma a Beram, cikin Istiriya ɗin dai, akwai irinsa na 1474. Sai mu lura da cewa a cikin majami'ar da ke ƙarƙashin Paparoma aka sa Paparoma a sahu ɗaya da gurgu, talakawa na kallo kowace Lahadi.

Daga baya an shafe zanen da farar ƙasa, har aka manta da shi. Sai a 1949 wani masassaƙi ɗan ƙauyen, Jože Pohlen, ya gano shi, aka shiga kankare shafen a hankali. Farar ƙasar da ta ɓoye shi ita ce kuma ta kare shi daga lalacewa.

A taƙaice, jama'a, ganuwar Hrastovlje an yi ta ne domin maƙiyin da ake iya rufe wa ƙofa, zanen kuwa domin wanda ba a iya rufe wa. Mai binciken tarihi da ya tsaya ga takardun fada kaɗai ba zai ji muryar waɗannan manoma ba, sai ya koyi karanta bango kamar yadda yake karanta littafi.