Yadda Dajin Karura Ya Tsira A Cikin Birnin Nairobi

A arewacin Nairobi, dab da unguwar Gigiri inda hedikwatar hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya take, akwai daji mai faɗin hekta kusan 1,000 da ake kira Karura. Tun 1932 Turawan mulkin mallaka suka mai da shi gandun gwamnati. Sai dai fili a wannan shiyya tsada gare shi, don haka masu kwaɗayi ba su taɓa ɗauke ido daga kansa ba.

A zamanin Shugaba Daniel arap Moi aka riƙa yanka gandun a asirce ana raba wa kamfanoni. Asiri ya tonu a 1998, da aka ga katafila tana share wuri domin gina gidajen alfarma. Nan Wangari Maathai ta miƙe. Ita ce ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt Movement a 1977, ita ce kuma ta jagoranci hana gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru a 1989. Makamin matan ƙungiyarta dashe ne: duk inda aka share, sai su bi su dasa. Ranar 8 ga Janairun 1999 masu gadin filayen suka far musu da kulake, har suka fasa mata kai. Ɗaliban Jami'ar Nairobi suka fantsama kan tituna, aka yi kwanaki ana ba-ta-kashi da 'yan sanda. Kafin shekarar ta ƙare, Moi ya sanar da haramta rabon filayen gwamnati.

To amma an gudu ba a tsira ba. Da magina suka janye, sai dajin ya koma maɓoyar 'yan fashi, mutanen gari na tsoron shigarsa ko da rana tsaka.

Mafita ta zo ne daga dokar gandun daji ta 2005, wadda ta bai wa maƙwabtan kowane gandu damar kafa ƙungiya su riƙa kula da shi tare da hukuma. A 2009 aka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest. Ta kewaye dajin da shingen lantarki, sannan ta ɗauki matasan Huruma, unguwar talakawa da ke jikinsa, aikin sintiri. Matan unguwar suka samu aikin rainon dashe da sharar hanyoyi. Aka shiga sare itatuwan turare da Turawa suka shigo da su, ana maye gurbinsu da na asali, kuɗin ƙofa kuma ya riƙa biyan ma'aikata.

Yau iyalai da 'yan makaranta da masu motsa jiki ne ke cika hanyoyin Karura. Zanga-zanga ce ta ƙwato filin, amma bai zaunu ba sai da talakan da ke maƙwabtaka da shi ya fara samun abinci daga tsaronsa.