Haske a Matsayin Magani: Daga Fitilar Finsen Zuwa Ƙurajen Fuska



Duk wanda ya tashi a ƙasar Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ya san ƙurajen fuska ba sa cikin cututtukan da akan kai asibiti. Akan ce na balaga ne, za su wuce. Wanzami yana da ƙaho da tsaga, yana da sakiya domin ƙurji mai mugunya, amma waɗannan ƙananan ba aikinsa ba ne. Saurayi ko budurwa sai dai su matse, su shafa abin da ya samu. Ƙurajen kan wuce, gaskiya ne, sai dai a baƙar fata sukan bar tabo mai duhu wanda kan yi watanni bai gushe ba. Tabon nan shi ke kai yara da yawa ga man bilicin, alhali kuwa waɗansu mayukan suna ɗauke da sinadarin sitiroid, wanda shi kansa yana haddasa ƙuraje. To, yanzu ga wata hanya ana tallarta a wayoyin hannu, watau haska fuska da leza mai rauni ko fitila mai launi. Nufina shi ne mu bi sawun wannan hanya, mu ga inda ta fito.

Labarin ya faro ne daga wani likitan ƙasar Denmak, Niels Finsen. Cikin 1893 ya kawo shawarar a riƙa kwantar da masu agana a ɗakin da jan haske kaɗai ke shiga, wai don kada zanzana ta ɓata musu fuska. Dattawanmu da suka ga zanzana da idonsu, tun kafin a shelanta kawar da agana daga duniya a 1980, sun san girman abin da yake nema. Wannan dabara ba ta ɗore ba. Wadda ta ɗore ita ce ta 1895, sa'ad da ya tattara hasken wata fitila mai ƙarfi ya haska a kan tarin fuka na fata, cutar da kan cinye hanci da kumatu, mutane kuwa suka warke. Aka buɗe masa cibiya a Kofanhagen a 1896, ya sami lambar Nobel a 1903, ya rasu shekara guda bayan haka.

Nasarar Finsen ta sa likitoci suka ɗauka kowane haske aboki ne. Shekaru da dama a farkon rabin ƙarni na 20 ana haska fuskokin matasa da eksire a Turai da Amurka domin ƙuraje. Ƙurajen sun lafa, kowa ya yi murna. Sai bayan shekaru masu yawa waɗansu daga cikinsu suka dawo da sankarar fata da ta maƙoshi, aka daina.

Leza kuwa a 1960 Theodore Maiman ya ƙera ta farko a Amurka. Shekara bakwai bayan haka, a 1967, wani likitan fiɗa mai suna Endre Mester ya yi wani gwaji a birnin Budafes na ƙasar Hungari. Ya aske bayan ɓeraye, ya haska su da leza wadda ƙarfinta bai kai ta ƙona ba, sai ya tarar gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ne ilmin leza mai rauni ya samo asali: hasken da ba ya yanka, ba ya ƙuna, sai dai ya zaburar da ƙwayoyin jiki.

Yaya wannan ya shafi ƙuraje? Ƙurji kan taso ne idan maiƙo da matacciyar fata suka toshe ƙofar gashi, wata ƙwayar cuta da ke zaune a ciki ta yaɗu, wurin ya kumbura. Ita wannan ƙwaya tana yin wani sinadari, fofirin, wanda idan shuɗin haske mai tsawon nanomita 415 ya same shi sai ya zama guba gare ta. Jan haske kuwa, mai nanomita 660, ya fi shiga cikin fata, ana kuma ganin yana rage kumburi. A shekarar 2000 likitoci a Landan suka buga sakamakon gwaji a kan mutum 107, inda waɗanda aka haɗa wa launukan biyu, minti 15 kullum har mako 12, ƙurajensu masu kumburi suka ragu da kashi 76 cikin ɗari. A lura, fitila suka yi amfani da ita, ba leza ba, ko da yake masu talla kan cuɗa sunayen biyu. Amma da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 71 a 2016, hukuncinta shi ne babu hujja mai ƙarfi tukuna. A 2019 kuma kamfanin Neutrogena ya janye wani abin rufe fuska mai fitila daga kasuwa saboda fargabar lahani ga idon waɗansu mutane.

Wani zai ce, ga rana kyauta a kan duwatsun Dutse, me ya kai mu sayen fitila? Rana tana tafe da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ƙara wa tabo duhu. Ko a Ikko, inda aka gwada warkar da jarirai masu shawara da hasken rana, aka buga sakamakon a 2015, sai da aka tace hasken da wata rumfa ta musamman.

A nan ne nake ganin maganar ta dawo gida. Yawancin gwaje-gwajen nan a kan farar fata aka yi su, ita kuwa fatarmu tana shan haske fiye da tasu, har shuɗin haske ma kan iya ƙara mata duhu. Abin da suka ƙidaya yawan ƙuraje ne, mu kuwa tabo ne damuwarmu. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, babu jami'a a Dutse. Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya, ga kuma asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, ga matasa dubbai a makarantun garin. Gwajin da zai ƙidaya ƙuraje da tabo tare, a kan fata irin tamu, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu, bai fi ƙarfin waɗannan cibiyoyi biyu ba.