Maganin feshi a yankin Dayi

Dayi gari ne a ƙaramar hukumar Malumfashi, kudancin Jihar Katsina, cikin yankin noman auduga, masara da wake. Manoma na dogaro da maganin feshi wajen kashe ciyawa da ƙwari. Galibi mai feshi yakan goya tanki ba safar hannu ba takunkumi, iska ta maido masa maganin a fuska. Sai ƙaiƙayi, jiri da sarƙewar numfashi su biyo baya. Ruwan sama kan wanke ragowar zuwa rafuka, kifi ya mutu. Mafi muni shi ne zuba fiya-fiya a buhun wake. Saboda sinadarinsa, dichlorvos, Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya a 2015.