Wutar Hunturu a Hanyar Gwanja

A ƙasar Dagomba da ke arewacin Ghana, hunturu yakan shigo wajen ƙarshen Nuwamba, ya zauna har Fabrairu. Iska takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, hazo ya rufe rana, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Da tsakar rana akwai zafi, amma da asuba sanyi yakan sauko har ma'aunin zafi ya kusa 15. Ga wanda ya kwana a kan tabarma da mayafi ɗaya, wannan ɗari ne sosai. Saboda haka a Karaga da ƙauyukanta ba abin da ya kai zaman bakin wuta daɗi a wannan lokaci. Tsofaffi su miƙa tafin hannu ga garwashi, yara su tura doya da gyaɗa cikin toka, mata su ɗora koko a murhu.

Wannan wuta tana da tarihi. Wanda kuwa ya bi tarihin zai tarar da tambaya ɗaya tana binsa daga farko har ƙarshe: wa ya ɗebo itacen?

Wutar fatake

Hausawa sun san wannan ƙasa ta wurin fataucin goro. Tarihin Kano ya ambaci hanyar Gwanja tun a ƙarni na 15, amma a ƙarni na 19 ne cinikin ya bunƙasa ƙwarai. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa, da baƙin rini, da fatu, da dabbobi, a ƙarƙashin madugu. Wata hanya takan bi ta Borgu da Sansanne Mango ta faɗo Yendi. Wata kuma takan bi ta ƙasar Gurma da Mosi ta shigo ta wajen Bawku da Gambaga, ta ratsa ƙasar Dagomba. Dukansu Salaga suka nufa, inda goron Asante yake jiransu.

Da rani ake wannan tafiya, gama da damina koguna sukan cika, jakuna ba sa iya haye su. Wato fatake sukan yi hunturunsu a hanya, wata biyu ko uku ko fiye. In ayari ya sauka, aiki na fari shi ne neman ruwa da itace. Akan kafa bukkoki, a hura wuta domin girki, da jin ɗumi, da korar kuraye daga dabbobi. A bakin wutar nan ake jin labarin hanya, a san inda 'yan fashi suke da sarkin da ya ƙara kuɗin fito. Wurin saukar nan shi ne zango. Da wasu fatake suka zauna ba su koma gida ba, sai sunan ya bi unguwanninsu. Har yau a Ghana unguwar baƙi 'yan arewa Zongo ake kiranta.

A Salaga, baƙo yakan sauka a gidan maigida, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta samu wuta a zauren mutum takan dawo baɗi. Maigidan da ya iya karɓar baƙo da ɗumi da abinci mai zafi, shi ne ayari ke nema.

Masu ɗauko itacen

Sai dai Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce. Babbar kasuwar bayi ce. Tun bayan da Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, akan biya ta gandu har da mutane, mahara kuma suna kamo talakawa daga ƙasashen arewa. Theophil Opoku, fasto ɗan Akropong na Mishan ɗin Basel, ya kai Salaga a 1877, ya rubuta abin baƙin cikin da ya gani a kasuwar. Binger, hafsan Faransa, shi ma ya sauka a garin a 1888 ya ba da labarinsa.

Garin yana da ƙarancin ruwa, shi ya sa aka haƙa rijiyoyi barkatai waɗanda har yanzu ana ganin wasunsu. In ayarori suka taru da rani, mutane su yi yawa, ruwa da itace sukan zama kayan sayarwa. Masu zuwa daji su saro, su ɗauko a ka, yawancinsu bayi ne da mata. Attajiri yana zaure yana jin ɗumi yana lissafin huhun goro, wanda ya ɗauko itacen kuwa yana iya kwana a fili, sanyi yana dukansa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma tarihin da ya ɓoye ta bai cika ba.

Ƙarshen Salaga ya zo da sauri. Ingila ta ci Kumasi a 1874, ikon Asante a arewa ya karye, goro ya fara bin wasu kasuwanni kamar Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a kan sarautar Kpembe, aka washe Salaga, fatake suka watse. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Muraha da yawa suka mutu a Salaga, amma garwashinsu ya kama a zanguna na wasu garuruwa.

Wuta a gidan Badagombe

'Yan ƙasa kuwa suna da tasu al'adar wuta tun kafin zuwan fatake. Karaga gari ne mai daraja a Dagomba, domin sarautarta tana cikin uku da ake hawa gadon Ya Na na Yendi daga gare su, tare da Savelugu da Mion. Gidan gargajiya a nan ɗakuna ne kewayayyu na laka da jinkar ciyawa, da babban zaure a ƙofa. Da hunturu akan sa gungume ɗaya a ɗakin tsoho ya yi ta ci a hankali har gari ya waye. Hayaƙi yakan fita ta cikin jinka, a kan hanyarsa kuma ya kori ƙwari daga ciyawar da irin shuka da aka rataye. Hausawa ma sun san irin wannan dabara, da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa domin mai jego, da wutar kara da almajirai suke karatun dare a bakinta.

Ba kowane itace ake sarewa ba. Ɗorawa tana ƙarƙashin ikon sarakuna, kaɗanya kuwa dukiyar mata ce, daga gare ta ake samun man girki da man shafawa da ke maganin kaushin hunturu. Akwai kuma kurmi na tsafi da mai kula da ƙasa, wato tindana, yake tsarewa, ba mai sa masa gatari. Mata sukan ɗebo busassun rassa su tara tun da kaka. Ta haka daji yake samun hutu.

Dagomba suna girmama wuta har suna da bikinta, wato Bugum, wanda ake yi a watan farko na shekararsu, daidai da Muharram. Akan fita da dare da tufkar ciyawa mai ci, ana kiɗa, a je bayan gari a jefa ta. Sun kuma san ɓarnarta. A Disamba 1896, farkon hunturu, sojojin Jamus suka ci rundunar Dagomba a Adibo, suka shiga Yendi suka sa mata wuta. Bayan shekara uku, a 1899, Ingila da Jamus suka raba ƙasar a takarda, Yendi ta faɗa hannun Jamus, 'yan'uwa suka zama mutanen ƙasa biyu har bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Daga itace zuwa gawayi

Mulkin Turawa ya hana cinikin bayi, amma ɗaukar itace bai ƙare ba, ya dai koma kan mata da 'yan mata gaba ɗaya. Sa'an nan mota ta zo, Tamale ta girma, biranen kudu suka buɗe baki. Mutumin birni ba shi da wurin gungume, sai kurfoti, wato murhun ƙarfe na gawayi. Gawayi ya zama sana'a, buhuna suka jeru a bakin titi. Masu saye kuwa sun fi son gawayin itace mai tauri, kaɗanya tana cikinsu. Itacen da kan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, sai a sare shi a yini ɗaya.

Wanda yake so ya ga inda wannan hanya take kaiwa, ya dubi yankin Bawku, can kan iyakar Burkina Faso da Togo. Mutane sun yi yawa a can, gonaki sun haɗe, daji ya ja baya, har gidaje da yawa sun dogara ga karan gero da na dawa domin girki. Kara kuwa wutarsa ta ɗan lokaci ce, ba ta barin garwashin da tsoho zai kwana da shi, kuma gonar da aka kwashe mata kara takan rasa taki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shekarar 1983 ta zama gargaɗi ga ƙasar duka. Fari ya haɗu da hunturu mai tsanani, gobarar daji ta cinye gonaki da rumbuna, yunwa ta biyo baya. Gwamnati ta kafa dokar hana ƙona daji, ta sabunta ta a 1990, ta kuma fara jan hankalin mutane ga girki da gas. Daga baya aka fito da muraha masu cin gawayi kaɗan, irin su Gyapa. Duk da haka itace da gawayi su ne abin girkin yawancin gidajen karkara a arewa.

Ɗakin ma ya sake. Kwano da siminti sun maye gurbin jinka da laka a gidaje da yawa, hayaƙi ba ya samun mafita kamar dā. Wanda ya shigar da kurfoti ɗaki ya rufe ƙofa da taga domin sanyi, yana wasa da ransa, gama gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. Hayaƙin yau da kullum kuma yana cin ido da ƙirjin mai girki da yaron da take goye da shi.

Daɗin bakin wuta bai canza ba tun zamanin madugai. A nan ake tatsuniya, a nan ake sulhu, a nan baƙo yake zama ɗan gida. Abin da ya canza sau uku shi ne mai biyan kuɗin ɗumin: dā bawa ne, sa'an nan mace, yanzu har da dajin kansa. Na farkon an 'yanta shi. Sauran biyun suna jiran maigidan da zai sauƙaƙa wa matarsa kaya, ya bar kaɗanya a tsaye, ya dasa itace a bayan gida domin jikokinsa su ma su sami abin da za su miƙa wa hannu da asuba.