3.4 Tasirin Damina Kan Jigila da Sarrafa Dutsen Zinare a Ƙasar Zamfara

Wannan fasali zai duba yadda damina ke tsara aikin haƙar zinare a ƙasar Zamfara. Ruwan sama kan yi ƙarfi daga watan Yuni zuwa Satumba, ya kuma fi tsanani a Agusta. A wannan lokaci ramuka kan cika da ruwa, bakinsu ya yi laushi har ya rufta, yawancin mahaƙa kuma su koma gona, domin asalinsu manoma ne.

Ta fuskar jigila, babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Kucheri da Tsafe da Gusau zuwa Bunguɗu tana da kwalta, don haka ana bin ta rani da damina. Matsalar tana ga hanyoyin ƙauyuka, inda laka da rafuka kan tsare mota, sai babur ya ɗauki buhunan dutse kaɗan-kaɗan. Wajen sarrafawa kuwa, damina kan wadata masu wanki da ruwa, amma takan hana shanya. Shi jiƙaƙƙen dutse ba ya niƙuwa sosai a injin niƙa, sai ya bushe kafin a niƙa, a wanke, a kama zinaren da zaiba.

Abin da ya faru a shekarar 2010 ya fito da girman wannan lamari. A watan Maris ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa dutse mai dalma a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu. An fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma a watan Yuni, amma ruwa ya yanke hanyoyi, aiki ya tsaya. Sai bayan damina aka shiga ƙauyuka irin su Abare da Sunke. Ita Bagega sai a 2013 aka share ta. Jinkirin ya shafi magani kai tsaye, domin ba a fara bai wa yaro maganin dalma alhali zai koma gidan da ba a share ba.

A taƙaice, damina ce ke yanke lokacin da kaya za su fita daga waɗannan ƙauyuka, ita ce kuma ke yanke lokacin da agaji zai shiga.