Yadda Ƙwayar Halitta Take Zama Tsoka a Jikin Ɗan Tayi

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, kimanin 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. To, me ya sa wata take zama tsoka, wata kuma ƙashi? Dalili shi ne kowace ƙwaya wasu ƙwayoyin gadon take kunnawa, ta bar sauran a kashe.

A ƙarshen mako na 3 da samun ciki, wasu ƙananan curi suna fara jeruwa dama da hagun inda ƙashin baya zai fito. Daga cikinsu ne tsokokin gangar jiki da na hannu da ƙafa suke samuwa. Maƙwabtan ƙwayoyi sukan aiko da saƙon sinadarai, furotin Pax3 ya share fage, sannan Myf5 da MyoD su hau kan DNA su tsayar da ƙwayar a kan hanyar zama tsoka. Da farko tana ci gaba da rabuwa don ta yawaita. Idan ta daina rabuwa, sai furotin myogenin ya kunna ƙwayoyin gadon actin da myosin, waɗanda da su tsoka take motsi. Daga nan ƙwayoyi da yawa su haɗe su zama zaren tsoka guda.

A shekarar 1987, Robert Davis da Harold Weintraub da Andrew Lassar, a cibiyar Fred Hutchinson da ke Siyatil a Amurka, suka saka MyoD kaɗai cikin ƙwayoyin ɓera da ba na tsoka ba, sai suka rikiɗa zuwa na tsoka. A 1993 kuma aka nuna cewa ɓeran da ya rasa MyoD da Myf5 duka ana haifarsa ba tsokar motsa ƙashi, ba ya rayuwa.

Wannan tsari ya shafi lafiyarmu. Idan tsoka ta yage, ƙwayoyin ajiya masu ɗauke da Pax7, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961, su ne suke farkawa su maimaita matakan nan don ɗinke raunin. Idan kuwa ƙwaya ta hau hanyar tsoka amma ta ƙi daina rabuwa, hakan yana iya zama sankarar tsoka, wadda ta fi kama yara. Likitoci suna tabbatar da ita ta hanyar neman myogenin a naman da aka gutsuro. Saboda haka duk kumburin da yake ƙara girma a jikin yaro, ko da ba ya ciwo, mu kai shi asibiti da wuri.